Ranar da Aljanin Gidan Ƙyanƙyasa Ya Ƙi Tashi

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso mu ji, Kaka, mun gyara zama.

To, ku matso. Wani gidan ƙyanƙyasa ne a ƙarshen layin masu walda, inda masu kiwon kaji da zabi ke kai ƙwai a zuba musu a inji, in lokaci ya yi su dawo su kwashi 'yan tsaki. Mai gidan wani ƙato ne mai wuyan bijimi, kowa Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Hannunsa ya fi bakinsa sauri. Amma fa shi ya riƙe ƙanwarsa Auta tun rasuwar iyayensu, shi ya tsaya mata har ta koyo aikin kwamfuta, shi ya kuma ba da aurenta ga mutumin da ke kula masa da janareta. Wannan kowa Bakanike yake ce masa. Siriri ne mai sanyin magana, irin wanda in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri.

Ƙwai a cikin inji ba ya son a yi masa wasa da wuta. In fankokin injin suka tsaya, zafi sai ya taru a sama, na sama su dahu a cikin ɓawonsu, na ƙasa sanyi ya kama su. Don haka aka ajiye akwatunan ajiyar wuta guda biyu a ɗakin injin, kowanne da batir a cikinsa. Babban shi ke riƙe fankoki da kwamfuta in an ɗauke wuta. Ƙaramin kuwa fitilun ofis kawai yake riƙewa. Riƙon ba mai tsawo ba ne, iyakarsa a samu a tada janareta. Bakanike kuma ba a gidan yake wuni ba, yana da rumfar gyara a bakin titi.

Shi ya sa Auta ta rubuta wani ɗan shiri ta zuba a kwamfutar. Ba shi da fuska, ba shi da hoto. Aikinsa kawai ya riƙa zagayawa yana tambayar akwatunan nan biyu: akwai wuta? Batir fa, da ƙarfi? Da ya ji an ɗauke, sai ya kaɗa ƙararrawar tsakar gida, ya aika saƙo wayar Bakanike. Masu sana'ar aljani suke ce wa irin wannan shiri, tunda yana aiki ba a ganinsa.

Ana nan lafiya lau, sai aljanin ya fara mutuwa. A ɗauke wuta, ƙararrawa shiru, waya shiru, sai wari ya sanar da mutane. Auta ta zo da yamma ta tarar da shi a mace, ta tada shi, ya miƙe garau kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Ta gwada shi ta nan, ta gwada shi ta can, ta ɗauke masa wuta da hannunta, ya kaɗa ƙararrawa yadda ya kamata. Sau biyu ana haka. Masu ƙwai suka haɗiye na farko, suka haɗiye na biyu da ƙyar.

Ran na uku, da rana tsaka, maƙwabciya ta kira Auta a wurin aikinta ta ce, in tana son ta tarar da mijinta da rai, ta taho yanzu.

Tun daga bakin layi take taka ɓawon ƙwai. Injinan ƙwan biyu ne, na sama da na ƙasa. An fito da farantan injin sama an watsar a tsakar gida, 'yan tsakin da suka kusa fitowa suna kwance a jiƙe, ƙudaje sun rufe su. Mutane sun cika gidan. Motar Yaya ta kai kaya tana tsaye a gefen katanga, da alama dawowarsa ke nan daga raba 'yan tsaki ya faɗa cikin taron. A gindin tankin ruwa kuwa ga Bakanike a zaune a ƙasa, riga a yage, ido ɗaya ya rufe, jini na bin haɓarsa. Wani mai kiwo da ake ce wa Dogo ya taka masa ƙafa, ƙarfen cire taya a hannu ɗaya, wayar Bakanike a ɗayan.

"Ga malamar aljanu ta iso," in ji Dogo. "Ku ba ta hanya."

Ta nufi mijinta, Yaya ya tare ta da ƙirji. Bayan hannunsa duk jini ne, kuma ba nasa ba. A nan ta gane wanda ya fara dukan.

"Auta, wuce ciki. Wannan maganar maza ce."

"Maganar maza?" Wata tsohuwa ce ta amsa, Inna Mai Zabi, wadda ke kawo ƙwan zabi a kwando. "Ƙwan wa ya dahu? Naka? Ni zabina ba su san maza ba, ni suka sani."

"Yaya, me ya yi maka?" in ji Auta.

"Me bai yi ba? Na ba shi aiki, na ba shi ke, abin da na roƙa kawai ya ja igiyar janareta in wuta ta tafi. Yana can yana shan iska a rumfa."

"Saƙo bai shigo ba, Yaya," in ji Bakanike a hankali. Dogo ya sa gwiwa ya buge masa baki.

"Kullum bai shigo ba," in ji Dogo. "Goge shi yake yi. Ke kuma ki zo da yamma ki ce aljani ne ya mutu. Mata da miji, bakinku ɗaya. To yau ga mu. Shiga ki nuna mana abin da ke kashe shi, mu gani da idonmu. In kin kasa, wannan hannun da ya ƙi jan igiya ba zai ƙara jan komai ba."

Ya ɗaga hannun daman Bakanike ya ɗora a kan bulo, ya taka wuyan hannun.

Auta ta shiga ɗakin injin. An dawo da wuta a lokacin, fankokin injin ƙasa suna juyawa, don shi an zuba masa ƙwai ne ba da daɗewa ba, bai kai ga lalacewa ba. Ta ja kujera ta zauna gaban kwamfutar. Ta duba, aljani a mace. Ta tada shi.

Ya faɗi nan take.

Ta sake tada shi, ya sake faɗuwa. Ku ji wani abu, jikokina: a cikin wannan tashin hankalin sai da ta ji wani ɗan sanyi a ranta. Ciwon da ke ɓuya in likita ya zo, yau ya kama mara lafiya a gabanta.

Irin wannan shiri in ya faɗi yakan bar gawa a cikin kwamfuta, wanda ya iya sai ya buɗe ta ya ga a ina ƙafarsa ta zame, da abin da ya haɗiya na ƙarshe. A baya Auta ba ta sa a ajiye gawar ba, sai bayan mutuwa ta biyu ta gyara wannan. Ta buɗe. Ta bi sawunsa daki-daki. Ya tambayi babban akwati, an amsa masa lafiya. Ya tambayi ƙarami, shi ma ya amsa: ƙarfin wuta kaza, zafi kaza. Sai aka zo gurbin ƙarfin batir. Babu komai a wurin. Ba sifili ba, ba ƙaramar lamba ba, fili kawai.

A waje wani ya ce, "A watsa masa ruwa, yana neman suma." Ta ji ƙarar bokiti, ta ji dariyar da ba ta daɗi ba.

Ita ta rubuta wurin da hannunta, ta san shi. Ta ce wa aljanin, miƙa hannu nan ka ɗauko lamba. Ba ta taɓa ce masa ga abin da za ka yi in ka miƙa ka tarar babu ba. Shi kuwa sai ya miƙa, ya dafa iska, ya kife. Kwamfutar takan tada shi da kanta, ya sake tambayar ƙaramin akwati, ya sake kifewa, har ta gaji ta bar shi a kwance. To amma me zai sa akwati ya ƙi faɗin ƙarfin batirinsa?

Ta durƙusa ta jawo ƙaramin akwatin daga ƙarƙashin teburi. Abin da mutum ke nishi kafin ya motsa shi, sai ya taho mata da hannu ɗaya kamar kwalin banza. Murfin bayansa a kwance yake, wayoyi biyu na lilo, ja da baƙa. Babu batir.

Ta miƙe ta leƙa ta taga. Ƙofar bayan motar Yaya a buɗe take kaɗan. Injin motar a kashe, amma a ciki ƙaramar fankar da yake sa wa 'yan tsaki don kada zafin hanya ya kashe su tana ta juyawa abinta. A ƙarƙashinta ga batirin a ɗaure da tsumma.

Sai komai ya jeru mata. Duk mutuwar nan ranar kai kaya ake yinta. Yaya ya zare batirin da safe, aljani ya kife. Ya dawo ya mayar kafin ta iso, ta tada shi ya tashi lafiya. Yau ne kawai taron ya tare shi bai samu mayarwa ba.

"Malama," Dogo ya ɗaga murya, "aljanin ya yi magana, ko sai an yi masa turare?"

"Ina zuwa," in ji ta.

Ta dubi mutanen nan ta tagar. Ta ga ƙarfe, ta ga gora, ta ga wani ya ɗauko bulo yana jujjuya shi. Bakanike ba ya ramawa, shi ya sa har yanzu ake dukansa da tsari. Yaya kuwa zai rama, kuma in ya rama kashe shi za su yi. Mutumin da ya goya ta a bayansa har asibiti tana ƙarama, wanda ya sayar da babur ɗinsa ya saya mata kwamfutar farko.

Sai ta ce wa kanta, bari in gyara shirin tukuna, ai dole a gyara. Ta koma ta zauna. Gyaran bai fi 'yan layuka ba: in ka tarar da fili kada ka faɗi, ka rubuta cewa babu batir, ka wuce ka ci gaba da tsaronka. Ta rubuta, ta haɗa, ta tada shi. Ya tashi ya tsaya da ƙafarsa. Ta zauna tana kallonsa yana zagaye, babba, ƙarami, babba, ƙarami. Aiki ya ƙare, ba abin da ya rage mata a ɗakin.

"Malama."

"Na ce ina zuwa."

Tana tunanin ko ta zagaya ta baya ta ɗauko batirin a ɓoye, ta fito ta ce laifin rubutunta ne kaɗai. Tana tunanin ko za su yarda, tunda sun riga sun ce bakinsu ɗaya. Tana cikin wannan awon ne ta ji wata ƙara, kamar an taka busasshen kara. Sannan muryar mijinta ta fito, irin wadda ba ta taɓa jin ya yi ba.

Ba ta san lokacin da ta finciko akwatin da wayoyinsa ba. Ta fito ta wurga shi tsakiyar taron, ya yi tsalle a ƙasa ya buɗe baki, kowa ya ga cikinsa fayau. Bakanike na birgima a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya rungume hannunsa, yatsu uku sun juya inda yatsa ba ya juyawa.

"Ga abin da ke kashe shi," in ji ta. "In aka zare batirin wannan akwatin, shirin faɗuwa yake yi, ba ƙararrawa, ba saƙo. Ni ban tanadi haka ba da na rubuta shi, wannan laifina ne. Shi kuwa wannan bawan Allah ba abin da ya taɓa shiga wayarsa."

"Wa ke zarewa?" in ji Inna Mai Zabi.

Auta ta buɗe baki, amma Yaya ya riga ta. Ko a jikinsa. Har da ɗan tsaki.

"Wannan? Ai na fitilar ofis ne, me ya haɗa shi da ƙwai? Ni nake ɗauka ranar kai kaya in sa wa fanka, in dawo in mayar. Kayana ne, ni na saya. Babban ai ban taɓa taɓa shi ba."

Wani ya taka ya buɗe ƙofar motar gaba ɗaya. Fanka na juyawa.

"Auta," in ji Yaya, ya juyo yana dubanta, "gaya musu ba ruwan wannan da wancan."

Ta sunkuyar da kai.

Bulo ne ya fara samun Yaya, a kafaɗa. Ya juya ya kama wanda ya jefa ya ɗaga shi ya maka da tankin ruwa. Na biyu ya sha naushi a maƙogwaro ya durƙushe. Daga nan suka rufe shi kamar tururuwa. Dogo ya kawo masa ƙarfe a gwiwa, ƙaton nan ya zube, gora ta sauka a bakinsa, ya tofar da haƙora a cikin ɓawon ƙwai. Auta ta faɗa kansa ta rufe masa kai da jikinta, wani takalmi ya same ta a gira, jini ya rufe mata ido. Inna Mai Zabi na dukan bayan mutane da kwandonta tana cewa, "Ku bari, 'yan banza, kun karya na farko a banza, yanzu gawa kuke so?" Ba mai jinta.

Waɗanda ba su samu wurin duka ba suka koma kan motar. Suka yi ta girgiza ta har ta tashi ta kife a jikin katanga, daidai inda babbar wayar wuta ta shigo gidan. Wayar ta tsinke, ta yi tartsatsi, ta faɗo tana hayaƙi.

Sai ƙararrawa ta ɗauka. Wayar Bakanike ta yi ƙara a aljihun Dogo.

Hannuwa suka tsaya a sama. Inna Mai Zabi ce ta fara dawowa hayyacinta. "Injin ƙasa," in ji ta. "Sauran ƙwanmu duk suna injin ƙasa."

Suka ruga rumfar janareta. Tsohon inji ne mai taurin kai. Wannan ya ja igiya, ya yi tari ya mutu. Wancan ya ja har igiyar ta yanke masa tafi. Dogo ya ja, ya zage shi, ya shure shi. Daga ɗakin injin babban akwati ya fara kukan da yake yi in batir ya kusa ƙarewa. Ɗaya bayan ɗaya suka juyo suna duban mutumin da ke jingine da tankin ruwa.

"Bakanike," in ji Dogo, bai iya haɗa ido da shi ba, "yaya ake yi masa?"

Bakanike ya daɗe yana kallonsa. Fuskarsa ta yi fari, gumi na zuba.

"Hannun da ya san shi ga shi nan," ya ce. "Ku ɗaga ni."

Suka tallabo shi zuwa rumfar. Ya sa Dogo ya durƙusa ya rufe hancin iska rabi da babban yatsa, ya sa wani ya danna ƙaramin ƙarfen da ke gefen kan injin, kada ya saki sai igiya ta kai tsakiya. "Ba da ƙarfi ba," ya ce wa mai ja. "Ba mutum ba ne." A ja na biyu janareta ya kama. Kukan akwatin ya tsaya.

Ba wanda ya koma kan Yaya. Suka tsaya cirko-cirko, kowa na duban hannunsa. Wani mai walda daga maƙwabta ya kawo motarsa aka kwashi mutum uku zuwa asibiti, Yaya a kwance a baya yana numfashi ta baki, Auta da mijinta a gaba, ta naɗe masa hannun da mayafinta.

Sun yi nisa kafin mijin nata ya yi magana, kuma a hankali ya yi ta, don kada direba ya ji.

"Na ga fuskarki a taga."

Ta gyara masa mayafin a hannu.

"Kin kalli motar. Na ce a raina, shi ke nan, ta gano. Sai na ga kin koma ciki."

"Na koma," in ji ta.

"Gyara kika tsaya yi?"

"Na gama gyaran ma. Zama na yi."

Ya gyaɗa kai. Ya juya yana kallon titi har suka isa.

Ƙwan injin ƙasa sun ƙyanƙyashe, Inna Mai Zabi ta kwashi nata, ba ta sake kawo wasu ba. Dogo da mutum biyu hukuma ta kama su, suka yi zaman gidan yari suka fito. Yaya ya tashi da sanda da gibi, ya sayar da gidan ƙyanƙyasar, ya je har gida ya durƙusa wa mijin ƙanwarsa, Bakanike kuwa ya ce ya yafe. Yatsu biyu na Bakanike ba su sake lanƙwasuwa ba, ya bar gyaran inji ya koma sayar da kayan gyara a rumfar tasa. Bai saki Auta ba, suna tare har yau da 'ya'yansu, yana yi mata magana da sanyin nan nasa, sai dai bai taɓa cewa ta ɗaure masa maɓallin riga ba, da haƙori da hannun hagu yake yi. Shirin kuwa wanda ya sayi gidan ya gaje shi, yana nan yana aiki.